Kuɗin Barcin Alhaji

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma. Maigidana ya riga mu komawa cikin markar bana, da hantsi, a ɗakinsa a nan Dutsin-Ma, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗiyata da ke koyarwa a Kurfi ita ke rubutawa, ni ina faɗa mata. Ina so a ajiye wa jikoki, don na ga mutum yana saurin fita daga bakin mutane. Ana gama addu'ar bakwai aka naɗe tabarmi aka mayar wa masu su, ƙofar gida ta koma kamar ba a yi komai ba.

Ranar da aka kai shi gidan nan bai ɗauki mutane ba. Mata sun cika tsakar gida har bakin madafa, maza sun cika zaure har kan titi. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce, “Hajiya, ya haƙuri?” in ce, “Da godiya.” Na faɗa, na faɗa, har bakina ya riƙa faɗa ko babu wanda ya gaishe ni. Hawaye suna zuba, har yanzu ma suna zuba, amma kamar a fuskar wata suke zuba ina kallo. Ban ji komai ba. Na lura dai an bar buta a bakin rijiya babu murfi, na yi ta kallonta.

Ƙanwarsa ta taho daga Rawayau a kan babur, tana sauka ta faɗi a tsakar gida, sai da aka yayyafa mata ruwa. Limamin unguwa ya ce shekarun da ya yi yana sasanta mutane, ba a taɓa kawo masa ƙarar Alhaji a kan hakkin wani ba. Ƙanen Alhaji kuwa, a zaure ya ce, “Yaya mutumin kirki ne, sai dai hannunsa a sake yake. Da ya riƙe abin da ya samu, da yanzu rabin kasuwar nan tasa ce.” Mata suka kwaso maganar suka kawo mini har ɗaki, suna jiran in ji haushi. Ban ji ba. Wata maƙwabciyata, tsohuwa irina, ta matso kusa da ni ta ce, “Allah ya jiƙan Alhaji, amma fa ya sha sa mu daka.” Mata suka fashe da dariya, sannan suka tuna inda suke, kowa ta rufe baki da mayafi.

Injin niƙa yake da shi a bakin kasuwa, da na ɓarzar masara, da mutanen da ke yi masa aiki. Su ma sun zo tare, cikin wankakkun kaya, suka zauna jikin katanga can nesa da tabarmar manya. Akwai tsohon da ke kunna inji, mutumin Barkiya, wanda yake tare da mu tun kafin a haifi wannan da ke rubutu, ƙarar inji ta cinye masa kunne. Akwai makanike, Kirista ne daga wajen Malumfashi. An ce mini da aka ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya ɗaga nasa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Matar tsohon nan ita ta shigo ɗakina, ta kama ƙafata, ta yi kukan da ya fi nawa, sai da aka janye ta. Tana cewa, “Shi ke nan, Hajiya, ranakunmu sun tafi.”

Na ji ta. Maganar ba ta shige ni ba sai daga baya.

Ga abin da take nufi. Alhaji yana da rediyo da yake ratayewa a ƙusa a ƙofar inji. Ba ya jin waƙa, ba ya jin wasan kwaikwayo, labarai kaɗai. Duk ranar da aka ce gwamnati ta ba da hutu gobe, sai ya ce, “To, an kashe mana inji.” Su ma'aikatan kullum da yamma ake sallamarsu. A irin wannan yammacin sai ya ba kowa na ranar, ya sake ba shi wani kamarsa, ya ce, “Wannan na guminka, wannan na barcinka.” Daga nan garin ya sa wa abin suna kuɗin barci. Maigadi kaɗai ba ya tafiya, don ba a barin wuri haka nan. Shi sai a ninka masa nasa, kuma ya zaɓi wata ranar da yake so ya huta.

In an gama sallama sai ya sa a cire bel ɗin inji, ya naɗe shi, ya rataya a kafaɗa, ya taho da shi gida ta tsakiyar kasuwa kowa na gani. Ƙarƙashin gadona yake jefa shi. In babu bel, ko an tayar da inji sai dai ya yi ta ƙara, dutse ba zai juya ba. Ya fara haka ne don da fari in ya juya baya sai mata su je gidajen ma'aikatan da kwanoninsu suna roƙo, wannan ta ce suna gare ta, wannan ta ce baƙi ta yi, su kuma su ji nauyi su je su buɗe. Da bel ya dawo ɗakina sai kowa ya samu abin faɗa: “Ki yi haƙuri, yana wurin Hajiya.” Ɗakina ya sha warin roba da baƙin mai. Na yi ƙorafi har na gaji.

Rufewa ranar Sallah ba labari ba ne, kowa yana rufewa, ko da yake ba kowa ke biya ba. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne Alhaji ba ya zaɓe. Ranar ma'aikata, ranar 'yancin kai, sabuwar shekara, Kirsimeti, Ista, duk ɗaya ne a wurinsa. Na taɓa tambayarsa, “Wai ita wannan ranar dimokuraɗiyya, mece ce?”

Ya ce, “Ni ma ban gane ta sosai ba. Amma banki a rufe, sakatariya a rufe, masu biro suna kwance albashinsu na tafiya. Shi mai ɗaukar buhu da ƙarfe aka yi bayansa?”

Ranar Kirsimeti in ya fito da farar rigarsa zai wuce majalisa, sai abokansa su ce, “Alhaji, yau coci za ka?”

Ya ce, “Can za ni. Wa zai zo ya riƙe mini takalma?”

Wani malami ya taɓa tare shi da gaske a kan haka. Alhaji ya ce masa, “Malam, ni ban yi bikin kowa ba. Hukuma ce ta ce ma'aikaci ya huta a biya shi, in kuwa dole ya yi aiki a ƙara masa. Ni da nake ɗaukar mutane aiki, maganar ta hau kaina. Makanikena yana hutawa ranar Sallarmu, ban ji ya musulunta ba.” Malamin ya yi dariya ya bar shi. Ranar layya kuwa cinya guda ake kai wa gidan makaniken, ranar Kirsimeti matarsa ta aiko mana da shinkafa a kula.

Mutane suna cewa halinsa ne kawai. Ni na san inda abin ya samo asali. Farkon aurenmu a Kurfi muke, yana lebura wurin wani ɗan kwangila mai aikin hanya. Ina da cikin fari, rumbu babu komai, abin da ya samo da yamma shi muke ci. Aka aiko daga Rawayau mahaifiyarsa ba lafiya. Aka yi sa'a, ko kuwa mu muka ɗauka sa'a ce, gwamnati ta ba da hutu a makon. Ya wanke rigarsa zai tafi. Da yamma shugaban lebura ya tara su ya ce akawu da injiniya za su huta, amma lebura duk wanda bai zo ba babu kuɗin ranar, kuma kada ya yi mamaki in ya dawo ya tarar da wani a gurbinsa. Alhaji ya shigo ya dube ni, ya dubi tukunya. Ya ce, “Sai Juma'a na je.” Mahaifiyar tasa ba ta kai Juma'ar ba.

Da ya dawo daga jana'iza ya kifa turmi a tsakar gida ya zauna a kai har rana ta faɗi. Bai yi kuka ba. Bai kuma sake tayar da maganar ba, ko ga 'ya'yansa. Ni kaɗai na sani, yanzu kuma kun sani.

Kada a ɗauka zama da mai irin wannan hali babu wuya. Faɗa mafi girma da muka taɓa yi a kan bel ɗin nan ne. Bikin ɗiyata ya zo, jajibirinsa ya faɗo ranar ma'aikata, ni kuwa ina zan san ranar ma'aikata? Na jiƙa shinkafar waina, an surfa gero an wanke, dangi sun cika gida, sai ga shi da yamma da bel a kafaɗa.

Na ce, “Alhaji, mayar da shi. Gobe akwai niƙa.”

Ya ce, “Gobe hutu.”

“Bikin ɗiyarka ne fa.”

“Na sani, ni na sa ranar.”

“To ka aika a kira tsohon nan ya kunna mana, ɗan lokaci kaɗan. Ai ba zai ƙi ka ba.”

Ya ce, “Shi ya sa ba zan kira shi ba.”

Ya ce a kai injin wani, zai biya. Ni kuwa na rantse matar mai inji ba za ta aika da niƙa injin wani ba, a yi da ni a gari. Sai muka fito da turame. Na bi maƙwabta na aro taɓare, muka kama daka tun safe, mata suna lugude suna tsokanata. Wata ta ce, “Hajiya, a gaya wa Alhaji mu ma muna jiran kuɗin barcinmu.” Wata ta ce, “Inji na ƙarƙashin gado, uwar gida na kan turmi.” Aka yi biki aka watse ban yi masa magana ba. In na kai masa abinci sai in dire in juyo. Ana nan na tashi na tarar da kwalbar man zafi a bakin ƙofata, babu wanda ya ce ga wanda ya ajiye. Na shafa a kafaɗa. Har ya koma ga Allah bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban ce ya yi daidai ba.

Hutun ƙarshe da ya gani, jiki ya riga ya yi nauyi. Duk da haka ya sa aka kai shi bakin inji a babur, ya sallami kowa da hannunsa. Bel ɗin ya gagare shi ɗauka. Tsohon nan ne ya rataya shi, ya biyo bayan babur a ƙasa har gida.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a zo a rubuta wannan.

Kafin a raba gado, 'yan'uwa suka yarda babban ɗana ya riƙe inji. Shi ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma ne. Ɗan fari ne, mu kuma mutanen da ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Uwata ce ta yaye shi ta riƙe shi a Kurfi har ya shiga makaranta. Kullum da safe yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, ya tashi. In ina da magana da shi sai in ba ƙanwarsa saƙo. Haka muka zauna har furfura ta fara fito masa, kuma babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu.

Bayan addu'ar arba'in kaka ta shigo, sabon gero da masara suka fara zuwa kasuwa. Sai ranar 'yancin kai ta matso, hutu na farko bayan Alhaji, ta kuma faɗo daidai ranar kasuwa. Wata safiya aka ce ana sallama da ni a zaure. Ina takaba, ba na fita, sai na tsaya bayan ƙyaure. Tsohon mai kunna inji ne. Da yake ba ya ji sosai, da ƙarfi yake magana, duk gidan sai da ya ji.

“Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Ba ƙara na kawo ba.”

Na ce, “Ina jin ka.”

“Ɗan Alhaji ya tara mu. Ya ce ranar hutun nan kowa ya fito, wani ɗan kasuwa daga Dabawa ya kawo buhunan masara. Ya ce wanda bai fito ba babu kuɗin ranar, wanda ya fito kuma kuɗin kullum ne, babu ƙari. Ni kin san kowace shekara ranar nan nake zuwa Barkiya in yanke ɗan gerona. Yanzu hanyar ba a bin ta da yamma, sai a tafi da sassafe a dawo da rana tsaka. In na rasa ranar, tsuntsu ya riga ni. Na zo ne in ji ko haka za a ci gaba, in san inda zan sa kaina.”

Na ce, “Ka je, na ji.”

Na koma ɗaki na zauna. A lokacin maganar matarsa ta shige ni. Na ga ashe mutum sau biyu ake binne shi, na biyun kuma a gabana za a yi ina zaune.

Na ba ɗiyata saƙo kamar kullum. Ta je ta dawo ta ce, “Inna, na faɗa masa. Ya ce ni malamar makaranta ce, me na sani game da kuɗin gas.” Na aika wa ƙanen Alhaji, sai ya ce yaro ya yi daidai, da ma abin da ya daɗe yana gaya wa yayansa ke nan. Babu wanda ya rage sai ni.

Washegari ya zo gaisuwa, ya durƙusa inda ya saba. Ya gama zai tashi, na ce, “Kai, dakata.”

Ya koma ya durƙusa. Na juyo na dube shi.

Na ce, “An ce za a kunna inji ranar hutu.”

Ya ce, “Haka ne, Inna.”

“Ubanka bai taɓa yi ba.”

Ya ce, “Inna, zamanin Baba daban. Gas ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Dutsen inji ya cinye, yana son canji. An buɗe sabon inji mai aiki da hasken rana a bayan tasha, ba ya shan mai, yana karya farashi. Daga injin nan gidan nan ke ci, daga nan ake biyan makarantar ƙannena. Baba ya bar mana suna mai kyau, amma da na je gidan mai ba su karɓi sunan ba. Mutumin Dabawan nan in na mayar da shi, can zai koma, kuma ba zai dawo ba.”

Gaskiya ya faɗa. Na ce, “Ubanka ya ce hukuma ce ta sa.”

“Inna, wa zai taso daga Abuja ya zo duba injin niƙa a Dutsin-Ma?”

“Shi ma ba don wani zai zo dubawa yake yi ba.”

Na ce, “Kai ranar za ka ofis?”

“A'a, hutu ne.”

“Za su yanke maka albashi?”

“Ba iri ɗaya ba ne, Inna.”

Na ce, “To.”

Ya ce, “Na riga na karɓi buhunan mutum. Na yi masa alkawari motarsa za ta tashi da gari ranar kasuwa. Alkawarin ma ai Baba ba ya karyawa.”

Na ce, “Ba ni da ƙarfin hana ka. Na faɗa ne kawai, kada in je in tarar da shi ya tambaye ni, in ce ina zaune ban ce komai ba.”

Ya tashi ya fita. Tunda na haife shi ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba, kuma ban san ko ta yi amfani ba.

Jajibirin hutu na zauna ina sauraron ƙofa har aka yi magariba. Babu wanda ya shigo da komai a kafaɗa.

Da safe ina lazimi na ji an buga inji. Gidanmu ba nisa da kasuwa, na san muryarsa kamar yadda na san tarin Alhaji. Ya yi tari ya mutu. Aka sake, ya sake mutuwa. Can ya kama. Na ajiye carbi, na kwanta, na juya fuskata bango. Ban yi kuka ba. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Ɗiyata tana Kurfi, babu wanda zan tambaya, ba na kuma son in tambaya. Yinin nan inji ya yi ta yi yana tsayawa, ya yi gudu kamar zai tashi sama, ya koma yana shaƙewa. Na ce ko tsohon nan ransa ne a ɓace yake wasa da aiki, abin da bai taɓa yi ba.

Bayan la'asar ƙarar ta ɗauke. Ba a jima ba na ji sallama a bakin ƙofata. Na ɗaga kai na ga mutum fari fat tun daga gashin kai har ƙafa, gira fari, gemu fari, singileti ta manne da gumi, hannun dama a naɗe da tsumma. Sai da ya durƙusa na gane ɗana ne.

Ya ce, “Inna, barka da yamma.”

Na ce, “Me ya same ka?”

“Hannun tayar da inji ne ya dawo ya buge ni. Ba komai.”

“Ina mutanen?”

“Na sallame su tun jiya. Na ba kowa na jiya da na yau. Tsoho ya tafi Barkiya tun asuba.”

“Wa ya yi niƙan?”

“Ni. Ai ni ma hutu nake.” Ya yi 'yar dariya, gari ya zubo daga gemunsa. “Masu lodin ɗan kasuwan suka riƙa ɗaga mini buhu. Ɗan abin da na koya ina yaro duk ya gudu. Makanike ya ji yadda inji ke kuka ya taho a guje, wai ana yanka masa ɗa. Na tare shi a ƙofa na ce ya koma gida, an biya shi ya kwanta. Ya tsaya a tsallaken titi yana yi mini ihu, ‘Yallaɓai, sassauta dutse! Sassauta, za ka kashe shi!’ Mutanen kasuwa suka taru suna kallo.”

Na ce, “An gama aikin?”

“Ban kai ƙarshe ba. Mutumin ya ɗauki wanda ya samu, ya ce wani buhun ma tsaki na yi masa ba gari ba, ya bar mini shi. Ya tafi ransa a ɓace. Ban sani ba ko zai dawo.” Ya dubi hannunsa. “Inna, ban yi miki alkawari ba. Ban san ko zan iya haka kowane hutu ba. In abin ya ƙi, zan zo in faɗa miki da bakina.”

Na ce, “Na ji. Je ka wanke jikinka, a duba hannun nan.”

Ya tashi. Inda ya durƙusa ya bar shaidar gwiwoyinsa a ƙasa, fari.

Da magariba matarsa ta aiko mini da tuwo da miyar kuka. Ta ce a gaya mini in yi haƙuri, daga buhun da aka ƙi ne, ta tankaɗe iya ƙoƙarinta. Tuwon bai yi kyau ba. Yana da tsaki, yana kama haƙori, a zamanin Alhaji da kaji za a ba. Tunda aka fita da shi daga gidan nan ban cinye malmala guda ba, sai in taɓa in ture. Wannan na zauna na cinye ta, na suɗe kwano, na aika a ƙaro.

Ban san abin da za a yi ranar Kirsimeti ba. Ranar nan dai mutanensa sun huta, an kuma biya su.

Allah ya jiƙan maigidana, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda ya hutar da bayin Allah a duniya, Allah ya hutar da shi a kabarinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.